Farin Ƙyallen da Na Kai Tungar Su Yaya

Akwai wata Asabar a rayuwata wadda ko na tsufa har na soma manta sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga kaina ba. Ina aji biyu na babbar sakandare a lokacin, a makarantar 'yan mata ta gwamnati, jeka-ka-dawo, da ke garinmu a ƙasar Anka. Ni ce shugabar ƙungiyar wasan kwaikwayo da kiwon lafiya, kuma in faɗa muku gaskiya, ba don rashin 'yan takara aka zaɓe ni ba. Na iya. Allah ya ba ni baki da rashin tsoron taro, ni kuma ban yi rowarsu ba.

Makarantarmu ba wata babba ba ce. Ajujuwa ne a jere, rabin tagoginsu babu ƙyaure, sai rijiyar burtsatse guda ɗaya da bishiyoyin dogon yaro inda muke taruwa. Amma duk ranar Laraba bayan an tashi, wurin nan yakan cika da hayaniya, don ranar ƙungiyoyi ce. 'Yan muhawara suna can suna ta da jijiyar wuya, 'yan ƙungiyar manoma suna ban ruwa ga ɗan lambunsu da awakin gari suka fi su cin moriyarsa, mu kuma muna ƙarƙashin bishiya muna zana gemu da gawayi. Da yake babu maza, mu ne mazan. Tsohuwar rigar babana da wata hula da ta sha wanki har ta saduda, su ne kayan aikina, kuma in na saka su na gyara murya, har shugaban makaranta sai ya juya baya ya yi dariyarsa. Mun taɓa karawa da wata makaranta daga ɓangaren Bukkuyum muka dawo da kofi, tun daga ranar kaina ya ƙara girma.

Mai kula da ƙungiyar malamar kimiyya ce, Kirista daga Filato, wadda ta daɗe a garinmu har ta iya cin tuwon dawa da miyar kuka fiye da wasunmu. Hausarta ta Jos ce, mu kuma muna tsokanarta da ita, ita ma tana ramawa da kwaikwayon "munka" da "sunka" ɗinmu. Mace ce mai haƙuri, kuma ta yarda da ni sosai. Wannan yardar ita ce ta kusa ja mata abin da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Abin ya faro ne daga gidan yayata. Ita ce babbarmu, tana aure a wata tunga da ba ta kai tafiyar awa guda a kan babur daga gari ba. Wanda duk ya san yankinmu ya san abin da ya faru shekarun baya, lokacin da mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gidaje suna dakawa, ƙurar gubar dalma ta shiga jikin yara ƙanana. Tungar su Yaya na cikin wuraren da abin ya taɓa. Ina ajin ƙarshe na firamare lokacin, kuma ɗanta na fari yana cikin waɗanda suka tafi. Na san shi, na taɓa goya shi da wata Sallah. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka ware wuri a bayan gari don aikin dutse. Shekaru suka wuce, tsoro ya lafa, nisan bayan gari ya soma yi wa mutane yawa.

Da hutun zango na je mata kwana biyu, sai na ga buhuna uku a jingine bayan rumbu, da wani turmi a gefe wanda bakinsa ya yi fari. Da hantsi mijinta ya fita, ita kuma ta ɗebo duwatsu ta hau daka. 'Yarta, wadda ba ta cika shekara ba, tana rarrafe a tsakar gidan, ta dafa ƙasa ta kai hannu baki, ta sake dafawa. Na buɗe baki na zazzage mata duk abin da malama ta koya mana, har da sunan gubar da Turanci don ta san ba wasa nake ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke da bokonki. Ai turminai daban na, ba mu dakan hatsi ciki." Ta ci gaba da dakanta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ban taɓa jin ta ambaci yaron da ta rasa ba, ko sau ɗaya. Ba ta kiran sunansa, ba ta ba da labarinsa, mijinta ma haka. A raina na yanke hukunci cewa mutanen nan sun manta, kuma ni ce zan tuna musu kafin yarinyar nan ta bi wanta.

Ana komawa makaranta na kai wa malama shawara mu kai wasa tungar. Ta yi murna, shugaban makaranta ya rubuta wa mai garin takarda, aka ba mu ranar Asabar da safe a filin firamarensu. Ni na tsara wasan. Labarin wani magidanci ne mai son abin duniya da ya cika gidansa da duwatsu, matarsa na daka, ɗansu na rarrafe. Farkonsa duk ban dariya ne, don na san inda ake kama mutane. Amma ƙarshensa na shirya shi ya zama mari. Na samo guntun icce daidai tsawon jariri, na naɗe shi da farin ƙyalle da na yanko daga wani tsohon zanen gado na ɗakin shan magani na makaranta, na ɗaure kai da ƙafa, na sa a 'yar tabarma. Uban zai fito da shi a hannu ya ratsa ta gaban jama'a.

Ranar da muka gwada a makaranta, 'yan aji ɗaya har da masu kuka. Malama ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na tabbata wannan ba zai yi wa mutanen nauyi ba. Na ce mata, "Malama, mutanena na, na san su. In ba a girgiza su ba, ba su ji." Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce to, tunda ni 'yar gida ce ita baƙuwa, za ta bi nawa. Yau da nake tuna wannan magana tawa, nakan ji kamar in koma in toshe bakin yarinyar da nake a lokacin da hannuna.

Muka isa da hantsi a bayan wata a-kori-kura, mu goma sha biyu da malama. Fili ya cika. Dattawa a kan tabarmi a gaba, samari a tsaye a baya, yara ko'ina har kan katanga, sai tsofaffin mata 'yan kaɗan a can gefe ƙarƙashin tsamiya. Na hango mijin Yaya a cikin samarin dattawa, ya ɗaga mini hannu. Tsakanina da shi akwai wasa irin na ƙanwar mata da mijin ya, Likita yake kirana tun ina ƙarama don yawan iyayina. Ganin yawan jama'a ya sa ban ko lura da cewa babu matar aure ko ɗaya a filin ba. Masu dakan da muka zo dominsu duk suna cikin gidaje, inda al'ada ta ajiye su.

Wasa ya fara da kyau fiye da yadda na zata. Na fito da gemun gawayina ina ciniki da dillalin zinariya, ina rantsuwar cewa bana sai na sayi babur biyu, ɗaya na hawa ɗaya na kallo. Fili ya ɗauki dariya. Wani dattijo har yana nuna maƙwabcinsa da sanda, wai shi ake nufi. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Aka zo wurin da yaro ya fara rashin lafiya, dariya ta ragu, na ce a raina yauwa, sun fara shiga hannu. Daga nan na shiga bayan labulen da muka ɗaura, na ɗauko naɗin nan a hannu biyu, na fito a hankali ina ratsawa ta gabansu.

Filin ya yi tsit. Ni a lokacin na ɗauka shirun nasara ne, irin wanda muke samu a makaranta kafin tafi ya ɓarke. Har na ƙara rage tafiya don kowa ya gani da kyau. Sai dattijon nan mai sanda ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya sa takalmansa, ya juya ya tafi bai ce uffan ba. Na kusa da shi ya bi shi. Daga nan sai ɗaya bayan ɗaya, babu hayaniya, babu zagi, kowa ya naɗe tabarmarsa. Da sun zage mu da ya fi mini sauƙi. Mijin Yaya shi ne kusan na ƙarshe. Yana tsaye idonsa a kan abin da ke hannuna, ba a kan fuskata ba. Ya juya ya bi bayan sauran.

Aka bar mu da yara da tsofaffin matan nan. Ina tsaye da guntun icce a hannu, gumi yana wanke mini gemu yana gangarowa wuya. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta taso da ƙyar ta zo gabana, ta sa hannu ta ja gefen tabarmar ta rufe farin ƙyallen, kamar yadda ake rufe abin da bai kamata a gani ba. Ta ce, "Ɗiyata, wanga abu mun gan shi da idanunmu. Kowane ɗaya cikin waɗanda sunka tashi ya ɗauki irinai da hannunai. Ba sai an gwada muna ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Mai gari ya aiko a ce mana an gode, mu kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.

Kafin mu tafi na ruga gidan Yaya. Labari ya riga ni. Mijinta na zaune a zaure, na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, babu Likita babu komai. Yaya ta ba ni ruwa, ta dama mini fura, ta tambaye ni lafiyar Inna, mahaifiyarmu, ba ta ce mini kanzil game da wasan ba. Buhunan suna nan bayan rumbu, turmin yana nan, yarinyar tana rarrafenta. Na fito na hau mota da sanin cewa ban kawar da ko tsakuwa ɗaya daga gidan ba, sai ma ƙofar da nake da ita da na rufe da hannuna.

A gida na shiga yi wa Inna bayani da zafi, don har lokacin ina neman wanda zai ce ina da gaskiya. Na ce mutanen da suka manta da 'ya'yansu har suka koma wa abin da ya kashe su, don an tuna musu shi ne za su yi fushi? Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Wa yac ce maki sun mance?"

Na ce ai Yaya ko sunansa ba ta kira.

"Ai yaron ɗan fari na," in ji Inna. "Ke tun da kinka tashi, kin taɓa jin na kira sunan yayarki?"

Ban taɓa ji ba. "Waccan ta tunga" take ce mata, ko "yayarku". In Yaya ta zo gida, Inna ba ta tarbarta da rawar jiki kamar yadda take yi mana, sai ta ɗauke kai tana tambayar hanya. Na tashi ina ganin wannan kullum, na san sunansa kunyar ɗan fari, ni kaina na san wata rana zan yi, amma ban taɓa haɗa shi da shirun Yaya ba. Inna ta ce mini ranar da yaron ya rasu, Yaya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don idon surukai da na dangi na kanta, kuma ɗan fari ba a nuna shi ko a raye balle a mace. Ta ce amma in na buɗe akwatin Yaya na duba can ƙasa, zan ga 'yar rigarsa ta Sallah a ninke, kuma duk shekara sai ta fito da ita ta shanya ta mayar. Mijin kuma shi ya ɗauki yaron da hannunsa zuwa maƙabarta, a naɗe a 'yar tabarma. Ban ci tuwon ranar ba. Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da baƙin cikin cewa na yi wa Yaya hukunci da abin da ya kamata in girmama ta a kansa.

Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira mu ofis. Saƙo ya iso masa daga tunga, kuma yadda aka kawo maganar, wai baƙuwar malama ce da ba ta san al'adar mutane ba ta sa yara suka yi. Malama ta sunkuyar da kai za ta karɓi laifin. Ban bari ba. Na ce ni na rubuta, ni na naɗe iccen, ita ta ma gargaɗe ni na ƙi ji, in akwai hukunci ni za a yi wa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ƙungiyarmu ba za ta sake fita da sunan makaranta ba sai abin da hali ya yi. Na karɓa. Amma ni ba fitar ƙungiya ce ta dame ni ba, yarinyar nan ce da ke rarrafe a gindin turmi, kuma kuskurena bai rage ƙurar da take haɗiya ba ko kaɗan.

Abu ɗaya da zan yaba wa kaina shi ne ban iya zama in lashe rauni ba. Na yi kuskure, na yarda, amma gaskiyar da na je da ita tana nan daram. Hanyar ce ta ɓaci. Na roƙi Inna ta raka ni, ranar Juma'a muka je tungar. Ta kai ni gaban mai gari, ta kai ni gaban dattijon nan mai sanda, na durƙusa na ba da haƙuri, ban kawo ko uzuri ɗaya ba. A zauren mijin Yaya na fi daɗewa a durƙushe. Ya ce ya yafe, yarinta ce, Allah ya kyauta gaba. Amma bai kira ni Likita ba.

A wannan zuwan ne na ji cewa za a yi bikin ƙanwar mijin Yaya nan da mako biyu, kuma matan unguwa za su taru a gidan don dakan hatsin biki. Nan take na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Ga matan da nake nema, duk a wuri ɗaya, a inda babu namiji, kuma ni 'yar gida ce, ba na bukatar takardar kowa kafin in shiga. Na koma wa malama na ce ina son abin da zai nuna wa mutum ƙura da idonsa ba tare da an taɓa masa ciwo ba. Ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta zo mini da ƙullin bula, irin garin shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya in an yi wanki. Ta nuna mini a bayan aji: in ka cakuɗa shi da busasshen yashi, da ƙyar ake ganinsa, amma ruwa na taɓa shi sai ya fito shuɗi shar. A wannan karon ita ma ta kafa mini sharaɗi, ta ce sai na nemi izinin matar gida tukuna. Na je na nema. Yaya ta ce in dai ba gawa ba ce, in yi abin da zan yi.

Ranar dakan muka je mu huɗu, babu kayan makaranta, babu gemu. Muka ɗaura zane muka shiga layin masu daka kamar kowa, muka yi luguden da ya sa tsofaffi suka ce ashe 'yan boko ma sun san taɓarya. Sai da aka gama, aka kwashe hatsi aka rufe aka kai ɗaki, mata suka zauna shan fura, sannan na miƙe na ce ina da ɗan wasa. Na lura wasu sun kalli juna. Na ce babu kuka a ciki, sihiri ne kawai zan nuna musu. Na jawo wani tsohon turmi da aka daina amfani da shi, na kai shi can bayan rumbu daidai inda na Yaya yake, na zuba yashin nan mai bula, muka hau daka da waƙa. Muka daka kamar na minti goma. Na tsaya na tambaye su ko sun ga wani abu ya fita daga turmin. Suka ce babu, 'yar ƙura ce kawai.

Farin ƙyallen nan na rannan, ban yar da shi ba. Na wanke shi na yayyaga shi ƙanana. Na ɗauko ɗaya na jiƙa, na goge murfin randar da ke nesa da turmin, na ɗaga. Shuɗi. Na goge bakin ƙofar ɗakin girki. Shuɗi. Na goge goshin abokiyar dakana, ya fito shuɗi, mata suka kwashe da dariya. Tsohuwar nan da ta rufe mini tabarma rannan ta ce a ba ta nata ta gwada, ta goge bayan hannunta, ta ga launi, ta hau salati tana cewa ita da ko kusa ba ta je ba. Kowa ta miƙo hannu tana son ƙyalle. Tsakar gida ta koma wasa, ana goge faifai, ana goge kujera, ana tsokanar juna. Na bari sai da suka gaji, sannan na ce musu wannan ana ganinta don mun sa mata launi, waccan ta dutse ba ta da launi, amma tafiyarsu ɗaya. Ban ƙara komai a kai ba, duk da bakina na ƙaiƙayi.

Abin da ya biyo baya ba ni na tsara shi ba. 'Yar Yaya, wadda aka sauke daga goyo ana cikin dariya, ta rarrafo ta tsakiyar mata ta kama zanen uwarta tana son miƙewa. Yaya na riƙe da nata ƙyallen da ba ta yi amfani da shi ba tukuna. Ta dubi yarinyar, ta kama ɗan tafin hannunta, ta goge. Ta juya ɗayan, ta goge. Ta goge gefen bakinta. Ta buɗe ƙyallen a kan cinyarta tana kallo, duk ya yi shuɗi.

Ta ɗauki yarinyar ta kai bakin randa, ta wanke mata hannu da sabulu, ta sake wankewa, ta sake, har yarinyar ta fara kuka. Na je na tsaya kusa da ita. Ba ta dube ni ba, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Wancan ma nan yaka rarrafe. Gindin turmi yaka zama in ina daka." Tun da nake, wannan ne karo na farko da na ji ta ambace shi, kuma ko a nan ba ta kira sunansa ba. Hawaye suka zubo mini, ita nata ba su zubo ba. Ta miƙo mini yarinyar ta ce in riƙe.

Ta nufi bayan rumbu, ta kwantar da turmin dutsen nan, ta shiga mirgina shi da ƙafa da hannu ta tsakiyar mata har zaure. Babu wadda ta taya ta, don kowa ta gane nata ne. Muna jin muryarta daga ciki tana magana da mijinta, ba da ƙarfi ba, kuma ba ta daɗe ba. Can sai ga shi ya yi sallama, mata suka ja mayafi, ya shigo kansa a ƙasa ya saɓi buhu na farko ya fita. Ya dawo ya ɗauki na biyu. Da ya zo ɗaukar na uku ya tsaya kusa da ni, ya dubi ƙyallen da ke hannuna, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Likita, in an kai ta asibiti a auna jininta, ke za ki raka su." Na ce to.

Na raka su ranar kasuwa. Aka auna, aka ce akwai gubar a jininta amma an zo da wuri, aka ɗora ta a kan kulawa, aka ce a kankare inda turmin ya zauna. Ba zan ce muku duk tungar ta daina kawo dutse gida ba, don ƙarya ne, talauci bai san wasan kwaikwayo ba. Amma gidaje da dama sun fitar da nasu a makon, kuma a gidan Yaya dutse bai sake ƙetare zaure ba. Kafin zango ya ƙare shugaban makaranta ya ɗage mana takunkumi, bayan mai gari da kansa ya aiko yana tambayar ko 'yan matan nan masu bula za su zo su yi wa sauran unguwanni. Muka je, da ƙullin bula da fararen tsummoki, kuma duk inda za mu shiga sai mun fara zama da tsofaffin gidan mun ji abin da ya taɓa samunsu.

Yanzu ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ina da nawa ɗan farin da ba na kiran sunansa. 'Yar Yayar nan bana ta shiga aji ɗaya a tsohuwar makarantata, tana zaune a wurin Inna, kuma ranar Larabar farko ta je ta rubuta sunanta a ƙungiyar wasan kwaikwayo. Bakinta ya fi nawa, har tsohuwar hular babana ta nemo. Har gobe ina da yaƙinin cewa in ka ga abin da zai cutar da yaro, ka faɗa, ko za a tashi a bar ka a fili kai kaɗai. Amma Asabar ɗin nan ta koya mini cewa shirun mutum ba mantuwa ba ne, kuma kasancewarka ɗan gida ba ya nufin ka san abin da ke ƙasan akwatin kowa. Tun daga ranar, kafin in buɗe baki in gaya wa mutane abin da ke kashe su, sai na fara tambayar kaina abin da suka riga suka ɗauka da hannunsu.